Kiristoci da muhawarar "kowa da gaskiyarsa"

Shin akwai abin da yake laifi a ko'ina kuma a kowane zamani, ko kuwa kyau da muni al'ada ce kawai, wadda take sauyawa da zarar mutum ya ƙetare iyaka? Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masana a ƙasashen Yamma, kuma majami'un Kirista, musamman ɗarikar Katolika, suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kanta.

Matsayinsu a taƙaice shi ne akwai gaskiyar da ba ta dogara da ra'ayin kowa, akwai kuma ayyukan da ba sa halatta ko da al'umma ta taru ta amince da su. Ra'ayin da suke adawa da shi, wanda za a iya kira "kowa da gaskiyarsa", yana cewa babu wani ma'auni da ya ɗara al'ada, balle a auna al'adu da shi.

Batun ya ja hankalin duniya ne a ranar 18 ga watan Afrilun 2005, lokacin da Kadinal Joseph Ratzinger, ɗan ƙasar Jamus, ya yi huɗuba a fadar Vatican jim kaɗan kafin a shiga zaɓen sabon Paparoma. Ya yi gargaɗin cewa wannan ra'ayi yana rikiɗa zuwa wani irin mulkin kama-karya, wanda bai yarda akwai tabbataccen abu ba, kuma ba shi da ma'auni sai son zuciya. Washegari aka zaɓe shi, ya zama Paparoma Benedict na 16.

Asalin ra'ayin

Tunanin dai ba sabo ba ne. Herodotus, masanin tarihin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam, ya ba da labarin Sarki Dariyus na Farisa, wanda ya tara Girkawa masu ƙona gawar iyayensu da wata ƙabila ta Indiya mai cin gawar nata iyayen, ya tambayi kowane ɓangare ko nawa za a biya shi ya ɗauki al'adar ɗayan. Kowannensu ya yi tir da abin da aka nema daga gare shi. Darasin da aka saba ɗauka daga labarin shi ne wanda Hausawa ke faɗa, cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

A ƙarni na 20 ne ra'ayin ya samu gindin zama a jami'o'i. Franz Boas, haifaffen Jamus da ya koyar a Jami'ar Columbia da ke New York, da ɗalibarsa Ruth Benedict, wadda ta fitar da shahararren littafinta kan al'adu a 1934, sun nace cewa a fahimci kowace al'umma da nata ma'auni. Manufarsu ita ce yaƙar wariyar launin fata da iƙirarin Turawa cewa su ne wayayyu, saura kuwa an bar su a baya.

A 1947 ƙungiyar masana al'adu ta Amurka ta gargaɗi Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kundin haƙƙin ɗan Adam da ake shiryawa zai iya zama ra'ayin Turai da Amurka ne kawai aka ɗora wa duniya. Duk da haka an amince da kundin a ranar 10 ga watan Disamban 1948. Jacques Maritain, masanin falsafa Bafaranshe mabiyin Katolika, wanda ya shiga shawarwarin da aka yi a lokacin, ya ruwaito cewa an cimma daidaito kan jerin haƙƙoƙin ne bisa sharaɗin kada a tambayi dalilinsu. A kan wannan dalili ne muhawarar take har yau.

Hujjojin Kiristoci

Malaman Kirista ba sa musun cewa al'adu sun bambanta. Abin da suke musu shi ne a ce bambancin ya tabbatar da cewa babu daidai babu kuskure.

Hujjarsu ta farko ita ce abin da suke kira dokar halitta. Tushenta yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, inda ya nuna cewa hatta waɗanda ba a saukar musu da Attaura ba suna ɗauke da sanin doka a zukatansu. Thomas Aquinas, malamin ƙarni na 13 wanda ya rasu a 1274, kuma ya yi nazarin ayyukan Ibn Sina da Ibn Rushd, shi ne ya tsara wannan koyarwa. A wurinsa hankalin ɗan Adam yana iya gane manyan ƙa'idoji, kamar kare rai da tarbiyyar 'ya'ya da neman gaskiya da zaman tare, tun kafin wahayi ya zo ya cika su.

Ta biyu kuma ita ce al'adun duniya sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato. C.S. Lewis, malamin adabi a Jami'ar Oxford, ya tattara a ƙarshen wani ɗan littafi da ya fitar a 1943 koyarwar tsohuwar Masar da Babila da Sin da Indiya da Girka da Yahudawa, domin ya nuna cewa duk sun hana kisa da ƙarya da cin amana, sun kuma yi umarni da girmama iyaye. Masu bin wannan hanya sukan ce ko a labarin Dariyus, ɓangarorin biyu sun yarda gawar uba tana da alfarma, saɓaninsu a kan yadda za a girmama ta ne.

Hujja ta uku ita ce ra'ayin yana cin karo da kansa. Wanda ya ce babu gaskiyar da ta hau kan kowa, ya riga ya faɗi magana da yake so ta hau kan kowa. Haka nan wanda ya ce wajibi ne a mutunta kowace al'ada, ya kafa doka guda da ta ɗara al'adu.

Ta huɗu, wadda suka fi ƙarfafawa, ta shafi wanda aka zalunta. Idan al'ada ce ma'auni na ƙarshe, to duk wanda ya tashi domin gyara al'ummarsa shi ne mai laifi. Sukan ba da misali da William Wilberforce, wanda ya jagoranci fafutukar da ta kai majalisar Birtaniya ga haramta cinikin bayi a 1807, da kuma Martin Luther King, limamin coci baƙar fata na Amurka. A wasiƙar da ya rubuta daga gidan yarin Birmingham a 1963, King ya kafa hujja da Augustine da Aquinas cewa dokar da ta saɓa wa adalci ba ta cancanci biyayya ba.

Rinjaye da gaskiya

Paparoma John Paul na 2, wanda ya rayu ƙarƙashin mamayar 'yan Nazi da mulkin Kwaminisanci a Poland, shi ne ya kai batun fagen siyasa. A wasiƙarsa ta 1993 mai suna Veritatis Splendor, wato Hasken Gaskiya, ya bayyana cewa akwai ayyukan da munanansu a jikinsu yake, kamar kisan ƙare-dangi da azabtarwa da bautar da mutane da zubar da ciki, waɗanda kyakkyawar niyya ko matsin hali ba za su halatta su ba. Ya kuma yi kashedi game da haɗuwar dimokuraɗiyya da ra'ayin "kowa da gaskiyarsa", domin a ganinsa idan ba wata gaskiya da ƙuri'a ba ta iya sauyawa, to mai ƙarfi ne zai riƙa yanke hukunci.

Benedict na 16 ya maimaita haka a gaban majalisar dokokin Jamus a watan Satumban 2011, inda ya tunatar da 'yan majalisar yadda gwamnatin Nazi ta raba mulki da adalci. Ya ce rinjaye ya wadatar a yawancin al'amura, amma bai wadatar ba a kan abin da ya shafi mutuncin ɗan Adam.

Abin da masu suka ke cewa

Masu suka suna nuni da cewa an sha fakewa da sunan gaskiya ɗaya a danne wasu. A 1452 Paparoma Nicholas na 5 ya ba Sarkin Fotugal izinin yaƙar Musulmi da sauran waɗanda ba Kirista ba da kuma bautar da su. A watan Maris na 2023 fadar Vatican ta fito ta ce wannan takarda da ire-irenta ba su mutunta daidaiton haƙƙin 'yan asalin ƙasashen da aka mamaye ba. Masu kare cocin kan amsa da cewa da wannan dokar halitta ce limamai irin su Bartolomé de las Casas suka ƙalubalanci zaluncin Sifaniyawa a nahiyar Amurka a ƙarni na 16.

Suka ta biyu ita ce koyarwar cocin kanta tana sauyawa. A 1179 majalisar malaman coci ta hana a yi wa masu cin riba a fili jana'izar Kirista, alhali yanzu ba a hana matsakaicin kuɗin ruwa ba. Hukuncin kisa ma an daɗe ana halatta shi, sai a 2018 Paparoma Francis ya sauya koyarwar ya ce ba abin karɓa ba ne. Amsar cocin ita ce ƙa'ida tana nan daram, fahimtar mutane ce take ƙaruwa.

Ratzinger da kansa ya amince da wani ɓangare na matsalar. A muhawarar da ya yi da masanin falsafa Jürgen Habermas a Munich a watan Janairun 2004, ya ce hujjar dokar halitta ta dakushe a wannan zamani, kuma addini da hankali kowannensu yana iya kamuwa da cuta, saboda haka suna bukatar su riƙa gyara juna. Ba kuma dukkan Kiristoci suka yarda da hujjar ba. Karl Barth, babban malamin Furotesta ɗan Switzerland, ya ƙi amincewa da cewa hankalin da zunubi ya gurɓata zai iya zama abin dogaro ba tare da wahayi ba.

Alaƙa da Musulmi

Wannan saɓani ba baƙo ba ne ga ɗaliban ilmin tauhidi. Mu'utazilawa sun ce hankali yana gane kyau da muni da kansa, Ash'arawa suka ce shari'a ce take tabbatar da hukuncinsu, Maturidawa kuma suka tsaya tsakani. Sai dai duka ɓangarorin, kamar takwarorinsu Kiristoci, sun haɗu a kan cewa al'ada ba ita ce ma'auni na ƙarshe ba.

Wannan kusanci ya bayyana a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a watan Satumban 1994. Fadar Vatican da Jami'ar Azhar da wasu ƙasashen Musulmi sun soki daftarin taron, Saudiyya da Sudan kuwa suka ƙaurace masa baki ɗaya. A ƙarshe matsayar da ƙasashe 179 suka amince da ita ta ce kada a ɗauki zubar da ciki a matsayin hanyar tsarin iyali.

Amma dangantaka ta yi tsami a ranar 12 ga watan Satumban 2006, lokacin da Benedict, a wata lacca kan imani da hankali a Jami'ar Regensburg, ya ambato kalaman ɓatanci ga Musulunci na wani sarkin Rumawa na ƙarni na 14, lamarin da ya fusata Musulmi a sassan duniya. Daga baya ya nuna takaicinsa, ya ce kalaman ba ra'ayinsa ba ne. Malamai 38 sun mayar masa da martani a rubuce, suka ce Ibn Hazm da ya kafa hujja da shi ba ya wakiltar mafi yawan Musulmi.

A watan Oktoban 2007 shugabanni da malaman Musulunci 138, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka aika wa shugabannin Kirista wasiƙa suna kira da a haɗu a kan son Allah da son maƙwabci. Wasiƙar ce ta kai ga taron farko na dandalin Katolika da Musulmi a Rum a watan Nuwamban 2008. A watan Fabrairun 2019 kuma Paparoma Francis da Shehin Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantakar bil Adama a Abu Dhabi.

Muhawara a cikin gida

Benedict ya yi murabus a 2013, ya kuma rasu a ƙarshen 2022, amma kafin nan muhawarar ta riga ta shiga cikin majami'un kansu. A ɗarikar Angalika, naɗa wani mai zaman jinsi ɗaya a matsayin bishop a Amurka a 2003 ya jawo ɓaraka, inda Akbishop Peter Akinola na Najeriya ya kasance kan gaba wajen shirya taron masu adawa a Birnin Ƙudus a 2008. Hujjarsu ita ce majami'un Yamma sun bar Littafi sun bi zamani.

A ɗarikar Katolika kuwa, bayan da fadar Vatican ta ba da izini a watan Disamban 2023 a sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka ba tare da ɗaura musu aure ba, ƙungiyar bishop-bishop na Afirka, ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, ta sanar a watan Janairun 2024 cewa ba za a yi hakan a nahiyar ba. Ta kafa hujja da Littafi Mai Tsarki da dokar halitta, ta kuma haɗa da al'adun Afirka. Paparoma Francis ya bar su a kan matsayinsu, yana mai cewa lamarin Afirka na daban ne saboda al'ada. Wannan ya sa wasu ke tambaya ko cocin da ya daɗe yana cewa gaskiya ɗaya ce ya fara barin kowace nahiya da tata, yayin da fadar Vatican ta nace cewa koyarwarta kan aure ba ta sauya ba, hanyar kula da mabiya ce kawai ta bambanta daga wuri zuwa wuri.