8 ga Oktoban 2011: Ranar da Mena ta sha kashi ta wuce, Super Eagles ta yi canjaras ta faɗi

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya, ta ƙetare iyaka, ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, mutane ɗaya ta haɗa. Sarautar Maraɗi kanta ta zuriyar sarakunan Katsina ce da suka yi ƙaura zuwa arewa bayan jihadi. A fagen ƙwallo kuwa, an daɗe ana ɗaukar Najeriya yaya, Nijar ƙanen da ba a jin tsoronsa. Tsakanin 2010 da 2012 wannan lissafi ya birkice, kuma masu horarwa biyu suka biya farashinsa, kowanne a gefensa na iyaka.

Alamar farko ta bayyana a watan Maris na 2010, a wasannin neman gurbin gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke taka leda a gida kaɗai ke bugawa. Mena ta doke tawagar Najeriya da Daniel Amokachi ke jagoranta da ci 2 da nema a Yamai, aka zo Kano aka tashi babu ci. Nijar ce ta tafi Sudan a 2011, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Mai horar da ita, Harouna Doula Gabde, ɗan ƙasa ne, kuma da yawa daga waɗannan 'yan wasa ya gina babbar tawagarsa.

A neman gurbin Kofin Afirka na 2012, Nijar ta faɗa rukunin Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo. Dabarar Doula ba ta da ado: a filin Seyni Kountché ba a barin maki. Masar ta sha kashi 1 da nema a Yamai, Moussa Maazou ne ya ci. Saliyo da Afirka ta Kudu ma haka suka koma. A waje kuwa Mena ba ta samo ko maki ɗaya ba.

Najeriya ta ɗauki Samson Siasia a ƙarshen 2010 bisa buƙatar jama'a, domin shi ya kai matasa wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, da na Olamfik a 2008. Ya gaji rashin nasara 1 da nema a hannun Gini a Konakiri, ya ƙara da canjaras 2 da 2 a Habasha. Sannan a watan Satumban 2011 ya saɓa da mai tsaron gida Vincent Enyeama kan tsarin tafiya Madagaska, ya ajiye shi, ya tsayar da Dele Aiyenugba. Horo ne da mai horarwa ke da ikon yi. Sai dai wanda ya ajiye gwanin mai tsaron gidansa ana saura wasan da zai yanke hukunci, ya jingina kujerarsa da hannun wanda ya maye gurbin.

Ranar 8 ga Oktoba, a Abuja, Gini ta fara ci, Obinna Nsofor ya farke, Ikechukwu Uche ya ƙara. Ci 2 da 1 ba zai ba Najeriya saman rukuni ba, amma ya isa ya shigar da ita cikin ƙasashe biyu mafi maki a sahun na biyu. 'Yan wasa suka ci gaba da kai hari suna neman na uku, baya ta buɗe, Gini ta farke a ƙarin lokaci. Rabon da Najeriya ta kasa samun gurbi ta hanyar wasa tun gasar 1986.

A wannan yammacin Masar ta lallasa Nijar da ci 3 da nema a Alƙahira. A Nelspruit, Afirka ta Kudu ta Pitso Mosimane ta riƙe Saliyo babu ci, 'yan wasanta suka yi ta rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ne ma'auni. Ƙa'idar CAF ta ce a duba sakamako tsakanin waɗanda suka yi kunnen doki. Ƙasashe uku na da maki 9; a tsakaninsu Nijar na da 6, sauran 5 kowacce. Manyan ƙasashe biyu, a rana ɗaya, rashin karanta takardar gasa ya kayar da su, ba rashin gwanaye ba.

Kafin watan ya ƙare hukumar NFF ta sallami Siasia. Doula kuwa CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horarwa na 2011. Abin mamaki, lambar ba ta kare shi ba. Hukumar ƙwallon Nijar ta kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, kuma da Gabon ta ci Mena 2 da nema a wasan farko a Libreville, ragama ta koma hannun baƙon. Canjin bai haifar da komai ba: Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko 1 da nema. A ganina wannan ya fi korar Siasia muni, don shi Siasia ya gaza abin da aka ɗauke shi ya yi, Doula kuwa ya yi abin da babu wanda ya taɓa yi wa Nijar.

Stephen Keshi da ya gaji Siasia ya dawo da Enyeama, ya ajiye Osaze Odemwingie, ya tafi gasar 2013 da 'yan wasan gida shida. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe a Johannesburg. Nijar ma ta halarci wannan gasar ƙarƙashin Bajamushe Gernot Rohr, ta samu makinta na farko a canjaras da Kongo. A 2016 Najeriya ta ɗauko Rohr ɗin nan, ya riƙe Super Eagles har Disambar 2021.