Hidimar Ɗaliban Manyan Makarantu ga Al'umma a Ruwan Bore da Kewayenta

Ruwan Bore na ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gusau, tana maƙwabtaka da Mada da Wonaka. Mutanenta manoma ne da makiyaya, kuma harkokinsu na kasuwa da neman magani da karatu sun haɗa su da Gusau da Tsafe da kuma Kwatarkwashi ta Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. A cikin waɗannan ƙananan hukumomi uku akwai manyan makarantu da dama, amma har yanzu amfanin ɗalibansu bai isa ƙauyuka yadda ya kamata ba. Mun tanadi wannan bayani domin hakimai da dagatai da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomi, da iyaye, su san hanyoyin da ɗalibi ke iya yi wa jama'a hidima tun bai gama karatu ba, da kuma abin da ya rataya a wuyan garin da ke son a turo masa ɗalibi.

Makarantun da ke kusa

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ranar 1 ga Oktoba 1996, ba ta da jami'a ko ɗaya. Jami'ar Tarayya ta Gusau an kafa ta ne a 2013, kuma mazauninta yana Sabon Gida a kan hanyar Zariya, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. A cikin Gusau akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, wadda mata zalla take horarwa, akwai kwalejin koyon aikin jinya da unguwarzoma, akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha. A Tsafe akwai kwalejin kimiyyar lafiya, inda ake horar da jami'an lafiya na matakin farko. Nesa kaɗan kuma akwai Kwalejin Ilimi ta Maru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaurar Namoda, da ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, mafi yawan hidimar da muke magana a kanta ba alfarma ba ce da ɗalibi zai yi idan ya ga dama. Tana cikin tsarin karatunsa, ana ba shi maki a kanta, kuma ba zai karɓi takardar shaida ba sai ya yi ta. Ke nan kowace shekara ɗalibai na neman wurin da za su yi aiki, ƙauyuka kuma na neman mai yi musu aiki. Abin da ya rage shi ne a haɗa su.

Koyon koyarwa

Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da tsarin ilimi na ƙasa ya amince mutum ya koyar da ita. Karatun shekara uku ne, kuma a shekarar ƙarshe ana fitar da ɗalibi zuwa makarantar firamare ko ƙaramar sakandare ya yi zangon karatu guda yana koyarwa, yana rubuta tsarin darasi, malamansa na kwaleji suna zuwa su zauna bayan aji su duba shi. Masu digirin koyarwa a jami'a su ma suna yin irin wannan fita.

A nan ne matsalar ƙauye take. Kwaleji kan zaɓi makarantun da malamanta za su iya kaiwa su dawo a yini guda, don haka sai ɗalibai su cunkushe a makarantun Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, wani lokaci har su fi azuzuwan yawa, alhali makarantar ƙauye malami biyu ko uku ke riƙe da aji shida. A ganinmu wannan asara ce ta ɓangare biyu. Yaron ƙauye ya rasa malami, ɗalibin kuma ya gama kwaleji bai taɓa riƙe aji shi kaɗai na tsawon mako ba.

Hanyar gyara ba ta da wuya a kan takarda. Shugaban makaranta tare da kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da mai gari da malamin addini da wakiliyar mata, su rubuta buƙatarsu zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, su faɗi darussan da ba su da malami, su faɗi masaukin da suka tanada. Sakataren Ilimi shi zai kai wa sashen koyon koyarwa na kwalejin. Muhimmin abu shi ne lokaci: takardar da ta isa bayan an riga an liƙa sunaye ba ta da amfani sai shekara mai zuwa. Kuma ya fi sauƙi a nemi ɗalibin da asalinsa ɗan yankin ne, domin yana da gidan kwana, ya san hanya, jama'a sun san iyayensa.

Muna so a ƙara lura da ɗaliban kwalejin mata ta Gusau. Iyaye da yawa a karkara ba sa sakin jiki su bar 'ya mace ta wuce aji huɗu ko biyar idan babu malama mace a makarantar. Zuwan ɗaliba guda, musamman 'yar garin da kowa ya san lokacin da take tallar ƙuli, kan yi abin da wa'azin shekara bai yi ba. A watan Nuwamba 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, an kuma gyara makarantu da dama tun daga lokacin. Amma gini ba ya koyarwa, sai an sami mai tsayawa gaban allo.

Aikin lafiya

Ɗaliban kwalejin Tsafe masu karatun lafiyar al'umma, na shekara biyu da na shekara uku, wajibi ne su yi zaman koyon aiki a ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na karkara. Cikin abin da ake koya musu akwai zagayen gari gida-gida, ƙirga magidanta, gano inda ake ɗibar ruwa da inda ake zubar da shara, da tantance cututtukan da suka fi damun mutanen wurin. Idan aka bar wa garin kwafin wannan bincike, kwamitin raya mazaɓa zai sami hujjar da zai riƙe lokacin da ya je neman rijiyar burtsatse ko ƙarin ma'aikaci.

Ayyukan da ɗalibi zai iya yi a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci suna da yawa, kuma ba ƙanana ba ne. Zai iya auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa wata 59 da ɗan zaren awo mai launi. Idan awon ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron na fama da tamowa mai tsanani, a hanzarta kai shi inda ake ba da abincin magani. Zai iya nuna wa uwa yadda ake zuba ƙunshi ɗaya na gishirin ORS cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ga yaro mai gudawa. Da damina kuma ana ɗaukar masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, wata-wata, kuma ana buƙatar masu iya cika takarda daidai. Haka ma zagayen rigakafin shan-inna. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka ranar 25 ga Agusta 2020, amma wani nau'inta da ya rikiɗe ya ci gaba da ɓulla a jihohin Arewa maso Yamma bayan wannan lokaci, har da tamu, shi ya sa ba a daina ɗiga wa yara maganin ba.

Jiharmu ta san tsadar rashin kai rahoto da wuri. Gubar dalma da ta ɓulla a Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe yara fiye da 400, annobar sanƙarau kuma da ta ratsa jihohin Arewa a 2017 daga nan Zamfara ta faro a ƙarshen 2016. Ɗalibin da ya san alamomin cuta, ya kuma san wanda zai kira a ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, yana iya rage kwanaki tsakanin mutuwar farko da zuwan taimako.

Sai dai akwai iyaka, kuma muna jan kunnen jama'a a kanta. Ɗalibi ba likita ba ne. Ba a yarda ya buɗe wurin duba marasa lafiya a zauren gidansu ba, ko ya yi allura ko ƙarin ruwa ba tare da ma'aikaci mai lasisi ba, ko da kuwa mutanen gari sun fara kiransa likita. Jami'in da ya bar wa ɗalibi makullin asibiti ya tafi Gusau ya saɓa wa ƙa'ida, kuma idan wani abu ya faru shi za a tambaya.

Sauran hanyoyi

Masu karatun kimiyya da aikin gona da injiniya suna fita koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya fara a 1973. Sashen aikin gona da na ayyuka na ƙaramar hukuma na iya karɓarsu. Ko da abin da ɗalibin gona ya koya wa manoma bai wuce adana wake cikin buhun PICS mai ruɓi uku ba, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, maimakon barbaɗa masa maganin feshi, ya yi aiki. Lokacin zaɓe kuma Hukumar Zaɓe ta Ƙasa kan ɗauki ɗaliban manyan makarantun tarayya a matsayin ma'aikatan wucin gadi, da sharaɗin ba sa cikin wata jam'iyya.

Bautar ƙasa daban take, domin sai an gama digiri ko babbar difloma ake zuwa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin ranar 22 ga Mayu 1973 bayan yaƙin basasa. Ana yin mako uku a sansani, sannan a tura matashi wurin aiki, tare da ware masa yini guda a mako domin aikin raya al'umma; a watan Maris 2025 aka fara biyansu alawus na Naira 77,000. Ƙaramar hukuma na iya rubuta wa ofishin NYSC na jiha ta nemi a turo mata. Gaskiyar magana ita ce, yawancin waɗanda ake turowa baƙi ne daga wasu jihohi, kuma dokar shirin ta ba su damar neman sauyin wuri, don haka ƙauyen da ke nesa da babbar hanya kada ya dogara da wannan ƙofa ita kaɗai.

Akwai kuma abin da ba hukuma ta tsara ba. Aikin gayya tsohuwar al'adarmu ce, yaƙi da jahilci kuma da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950 da malaman sa-kai 'yan gari ya yi nasara. Ƙungiyoyin ɗalibai na gari-gari sukan shirya darasin hutu ga masu shirin jarrabawa, su taimaka wa ƙannensu cike takardar JAMB, wadda tun 2021 ba a yinta sai da lambar katin ɗan ƙasa. Abin da suke buƙata bai wuce aji guda da alli da izinin mai gari ba.

Batun tsaro

Ba za mu rufe ido a kan wannan ba. Ranar 22 ga Satumba 2023 'yan bindiga sun afka wa gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, suka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya fiye da 20, yawancinsu mata. Kafin nan an ga na Jangebe a watan Fabrairu 2021, da na kwalejin Bakura a watan Agusta na wannan shekara. Yankin Mada da Wonaka da Ruwan Bore da ƙauyukan Tsafe su ma sun sha fama da hare-hare. Uban da ya ce ba zai bar 'yarsa ta kwana a ƙauye ba yana da hujja, kuma babu makin da ya kai ran ɗalibi.

Saboda haka kafin a karɓi ɗalibi, hakimi ya sanar da fadar sarkinsa, ta Sarkin Katsinan Gusau ko ta 'Yandoton Tsafe ko ta Sarkin Fulanin Bunguɗu ko ta Kwatarkwashi, a kuma sanar da babban jami'in 'yan sanda na yankin, a nemi shawararsu kan halin da hanya take ciki a wannan lokaci. Kada a tara ɗalibai a gida ɗaya a bakin gari; a rarraba su cikin gidajen mutanen kirki a tsakiyar gari, mata a hannun matan aure da aka amince da su. Kada a yi shelar ranar zuwansu ko ta tafiyarsu a kasuwa. Inda kwana bai yiwuwa, a tsara zuwa da safe da komawa kafin la'asar. Inda jami'an tsaro suka ce a dakata, a dakata, a mayar da aikin garin da ya fi kusa, yara da marasa lafiya su riƙa zuwa can.

Muna ba kowane dagaci shawara ya buɗe littafi ya rubuta sunayen 'ya'yan ƙasarsa da ke manyan makarantu, da abin da kowa ke karantawa, da shekarar da zai fita koyon aiki. A sabunta littafin bayan kowace babbar sallah, lokacin da ɗalibai ke gida, a miƙa kwafinsa ga Sakataren Ilimi da Daraktan Lafiya na ƙaramar hukuma kafin makarantu su koma.