Kanwa da Kasuwar Gumel a Ƙarni na Goma Sha Tara

A shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a Gumel, ya tarar da ita babbar mahaɗar fataken kanwa, wadda akan ɗauko daga Barno da Muniyo a kai har ƙasar Nupe. An yi ta bin diddigin hanyoyin fatake, amma ba safai akan tambayi abin da ke haifar da kanwar ba.

Asalinta ruwa ne. Tafkunan Muniyo ba su da mafita. Da damina ruwa yakan narkar da gishirin ƙasa, ya tara shi cikin kwari; da rani kuwa rana ta dinga shanye ruwan. Ko wane irin gishiri yana da iyakar da ruwa ke iya riƙewa, gwargwadon zafinsa. In aka ƙetare iyakar nan, sai rarar ta daskare. Alli, da yake ya fi wuyar narkewa, shi ke fara kwantawa, sa'an nan sauran ruwan ya yi ta kauri har kanwa ta fito.

Watau arzikin Gumel a zamanin nan ya rataya ga ruwan da ke ƙafewa nesa da ita.