Daga Ruwan Wanke-Wanke Zuwa Tantanin Ƙwayar Halitta

Yawancinmu in an ce maiƙo, teɓa da hawan jini muke tunawa. Amma kowace ƙwayar halitta a jikinmu tantanin maiƙo ne ya kewaye ta, ba don shi ba da abin da ke cikinta ya watse. Yaya aka gano haka?

A 1774 aka buga wasiƙar Benjamin Franklin inda ya ba da labarin zuba ƙaramin cokalin mai a wani tafki a Clapham, Landan. Man ya bazu har ya rufe kusan rabin eka. Ke nan mai yana iya shimfiɗuwa a kan ruwa ya yi siriri matuƙa.

Wadda ta samo hanyar auna wannan shimfiɗa ita ce Agnes Pockels ta Braunschweig a Jamus. A zamaninta ba a ɗaukar mata a jami'o'in ƙasar, tana gida tana jinyar iyayenta. Daga kallon maiƙo a ruwan wanke-wanke ta haɗa ɗan kwamin kwano na gwaji. A 1891 ta aika wa Lord Rayleigh sakamakonta, shi kuma ya sa aka buga a mujallar Nature.

A shekarun 1890, Ernest Overton a Zurich ya lura cewa abubuwan da ke narkewa cikin mai sun fi saurin shiga ƙwayar halitta, sai ya yi hasashen bangonta na maiƙo ne. A 1925 Gorter da Grendel a Leiden ta Holan suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kwami irin wanda Pockels ta faro. Faɗinsa ya ninka na fatar ƙwayoyin sau biyu, suka ce ashe ruɓi biyu ne. Dalili kuwa, ƙwayar wannan maiƙo kanta na son ruwa, jelarta na gudunsa, sai jeloli su haɗu a tsakiya.

Daga baya aka gano ba su tatso maiƙon duka ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin a lissafi. Kuskure ya shafe kuskure, amsar ta tsaya.

Mu da ke jiran sai mun samu digiri kafin mu ɗauki alƙalami, mu tuna Pockels da kwanonta. Mai aika rubutun mako mai zuwa ya fara da abin da idonsa ya gani a gida.