Daga Kunzugu Zuwa Audugar Mata: Tarihin Tattali Da Rufin Asiri

 Tunda Allah Ya nuna mana zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu, na ga ya dace mu waiwayi tarihin wani abu da kowace mace ke buƙata duk wata, amma kunya ta hana mu zancensa a fili, wato audugar mata. Mazajenmu da za su karanta su yi haƙuri, ai su ma daga aljihunsu kuɗin ke fita.

Kakanninmu a nan ƙasar Gobir, daga Turba zuwa Isa da Sabon Birni har Tsibiri, ba su san wani abu wai shi fakiti ba. Auduga a gona take. Mace ta gurje ta da magurji, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa. Zane in ya tsufa ba a yar da shi. Wanda ya sha wanki har ya yi laushi shi ake yagewa a yi kunzugu: a ninka tsakiya ya yi kauri, a bar bakinsa da falle ɗaya don ɗauri. In an gama a wanke, a shanya a ɓoye. Ku lura da hikimar: kauri a inda ake buƙatarsa kawai, laushi a inda ya taɓa jiki. Aibinsa shi ne shanyar ɗaka, domin tsumman da bai ga rana ba yakan jawo ƙaiƙayi da wari.

Matan Turai ma da tsumma suka fara. A shekarun 1880 wani kamfani mai suna Southall a Birmingham ta Ingila ya soma sayar da ƙunshin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar, amma sai mai hali ke iya saye. Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, shi ya sauya lamarin. Auduga ta yi ƙaranci saboda ɗaurin raunukan sojoji, sai kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya kawo wani abu da ake yi da ɓargon itace, wanda ya fi auduga shan ruwa kuma ya fi ta araha. Matan da ke jinyar sojoji a Faransa su suka gano cewa yana yi musu amfani lokacin al'ada. Da aka gama yaƙi, kamfanin ya mayar da shi Kotex a 1920. To kun ji, Kotex tun asali ba auduga ba ce, itace ne.

Daga nan masana'antu suka shiga neman hanyar rage kaya ba tare da an rage amfani ba. Sai suka raba aikin gida uku: falle na sama mai taɓa jiki, na tsakiya mai shanyewa, da na ƙasa mai hana yoyo. Wajen 1970 aka sa danƙo a ƙasa, aka huta da ɗamara da fil. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin Japan suka fara zuba wani gari mai kama da gishiri a tsakiya, wanda ke shan ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa ya daskare, sai kauri ya ragu sosai. A 1983 Always ta fito da fallen sama mai ƙananan huji, jini ya wuce ƙasa, sama ta zauna a bushe. Yau yawancin fallen sama ba saƙa shi ake yi ba, siraran zaren roba ne ake shimfiɗawa a manne su da zafi. Duk ɗan abin da aka rage a kan ƙwara ɗaya, in aka haɗa miliyoyi, kuɗi ne masu yawa.

To me ya sa duk da wannan tattali ta fi ƙarfinmu? Saboda ɓargon itacen, da garin, da robar, akasari daga waje ake shigo da su da dala. Dokar kuɗi ta 2019, wadda ta fara aiki a 2020, ta cire harajin kayayyaki daga audugar mata da aka yi a cikin Najeriya, kamar yadda Kenya ta cire nata tun 2004. Amma da darajar naira ta faɗi a 2023, sauƙin ya bi ruwa. A Disamba 2023 kamfanin da ke yin Always ya ce zai daina ƙerawa a Najeriya ya koma shigowa da kaya, a 2024 kuma Kimberly-Clark ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu. Mu kuma a nan sai aka ƙara mana da matsalar hanya da rashin tsaro. Wadda ta yi gudun hijira zuwa Gidan Rumji ko cikin garin Isa da zanen jikinta kaɗai, ina ta ga kuɗin fakiti? Ɗiya mace kuwa sai ta zauna gida kwana huɗu ko biyar, karatu ya wuce ta.

Akwai darasi daga Indiya. Wani maƙeri a Coimbatore, Arunachalam Muruganantham, ya ga matarsa na amfani da tsumma a 1998 don kada kuɗin madarar gida ya tafi. Ya shafe shekaru yana gwaji, mutane na ce masa mahaukaci, har ya ƙera ƙaramin inji mai araha. Ƙungiyoyin mata irin tamu ya riƙa sayar wa, su yi su sayar a ƙauyukansu. A Uganda kuma AFRIpads ta bi hanyar ɗinka wadda ake wankewa a sake amfani da ita.

Wannan ta biyun ita ta fi kusa da mu, tunda muna da keken ɗinki da hannu. Abin da tarihin nan ya koya mana ke nan. Fallen sama ya zama yadin auduga mai laushi, falle ɗaya tak, a wanke shi kafin a yanka don sitacin ya fita. Tawul ko fulanel na tsakiya kada a shimfiɗa shi har fukafukai, a yanka shi siriri daidai tsakiya. Leda mai taushi ko yadin da ba ya yoyo ya zauna a ƙasa. Wajen yanka, a jera ma'auni kai da ƙafa don kada yadi ya tafi a banza, ƙyallayen da suka rage kuma a cusa su tsakiya. Dabarar kakanninmu ce dai, an ƙara mata maɓalli.

Amma don Allah, 'yan uwa, tattali yana da iyaka. A rage ko'ina ban da fallen da ke taɓa jiki. Yadin roba mai kaushi ya fi araha, amma wadda ya goge wa cinya ba za ta sake dawowa ba, kuma za ta faɗa wa maƙwabta. Duk wadda muka sayar wa, mu gaya mata: a jiƙa da ruwan sanyi, a wanke da sabulu, a shanya a rana ko da an lulluɓa mayafi a kai, kada a ajiye sai ta bushe ƙarau.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rufa wa kansu asiri da abin da ke hannunsu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya maimaita mana. Amin.