Asalin Zango

A zamanin da, in ka tambayi dattijon garin Yako nisan wani gari, sai ya ce maka zango biyu ne, ko uku. To, ga yadda aka yi zango ya zama ma'aunin tazara.

Tun farko zango wuri ne, masaukin fatake a bayan gari. Ayari yakan tashi da asuba, jagaba na gaba yana duba hanya, madugu na lura da jama'a. In rana ta take, jakai sun fara jan ƙafa, sai a nemi inda ke da ruwa da inuwa. A sauke mangala, a dabaibaye dabbobi, matan gari su fito da fura da tuwo, yara su kawo harawa. Wannan shi ake kira ya da zango. Alal misali, Bebeji na kan irin wannan hanya ta fatake, daga Kano zuwa Zazzau, har wani Bature mai suna Clapperton ya bi ta can a 1826.

Da yake kullum daga wannan masauki sai wancan, sai sunan wurin ya koma kan tafiyar da ke tsakani. Zango ɗaya, tafiyar yini ke nan. Amma fa ba duka suke daidai ba. Inda garuruwa ke kusa da juna, kamar ƙasar Kiru, zango gajere ne. Wanda ya doshi dajin Falgore ta Tudun Wada kuwa, dole ya miƙe sai ya ga ruwa da mutane. A ganina wannan awo ya fi faɗa wa matafiyi gaskiya, don da gajiyarsa aka auna.

Fataken goro sun kai kalmar har Salaga a ƙasar Gwanja, shi ya sa unguwannin baƙi Musulmi a Kumasi da Ankara ake ce musu Zango. 'Yan makaranta ma sun ara, suna cewa zangon karatu.

Mil kuwa baƙo ne. Asalinsa na Rumawa ne, ma'anarsa taki dubu. Turawa suka zo da shi, suka kakkafa duwatsu masu lamba a bakin hanya, har wata unguwa a Kano ta sami suna Miltara. Daga baya kilomita ta ture shi, mil biyar ya koma kilomita 8.