Tarihin Binciken Ƙwayoyin Jinin Ƙwari

Jinin yawancin ƙwari ba ja ba ne, domin ba shi ke raba iska a jiki ba. Aikin ƙwayoyinsa tsaro ne. Jan Swammerdam, ɗan ƙasar Holan, shi ya fara ganinsu a jinin ƙwarƙwata a ƙarni na 17. A 1896 Bafaranshe Lucien Cuénot ya kasa su gida-gida, ko da yake masana sun daɗe suna taƙaddama kan sunayensu.

Sauro ya ja hankali ne bayan Ronald Ross ya gano ƙwayar maleriya a cikinsa a Indiya a 1897. Iri uku na ƙwayoyin jini aka sani a jikin sauro yanzu. Giranulosayit ta fi yawa, ita ke haɗiye ƙwayoyin cuta. Inosaitoyid tana samar da sinadarin da ke lulluɓe baƙuwar halitta da baƙin launi. Ƙaramarsu, furohimosayit, ana ɗaukarta uwar sauran.